Gwaggo Mai Ƙona Fim

Yanzu a Gwarzo babu wanda yake yin wanka don za a ɗauke shi hoto. Kana zaune a bakin shago kana shan rake, baki duk ruwa, sai ka ji an ce kalli nan, kafin ka tofar da ɓawon an gama da kai, har an tura ka Kano ba ka tashi daga kan benci ba. Ranar nan na je ɗaurin aure a Kabo, da liman ya ce a yi addu'a na duba na ga rabin jama'a hannu ɗaya suka ɗaga, ɗayan yana riƙe da waya. Ban ce laifi ba ne, ni ma tawa tana aljihu. Amma abin ya tuna min lokacin da hoto yake da nauyi, ya kuma tuna min wani rashin kirki da na daɗe ina yi wa ƙanwar mahaifina, wanda ban iya faɗa da bakina ba sai da gemuna ya yi fari.

Ni malamin firamare ne, ban taɓa buɗe shagon hoto ba, sha'awa ce kawai ta kama ni tun ina saurayi. Wanda ya sa min ita wani abokin aikina ne, Kirista daga kudancin Kaduna, yana koyar da lissafi, ɗakinsa yana jikin nawa a gidan da muka kama haya. Yana da wata baƙar kyamara mai igiyar fata da fitila da ake ɗaura mata a ka. Ran Lahadi in ya dawo daga coci sai mu fita bayan gari, yana nuna min yadda ake sa rana a bayan mai ɗauka, da yadda ake riƙe numfashi kafin a danna, da cewa komai rintsi ba a buɗe bayan kyamara a cikin haske. Da aka yi masa canjin makaranta, yana ɗaure kaya ya rataya min ita a wuya, ya ce hannuna ya fi nasa tsayawa.

"Amma Malam, hoto talatin da shida ne a cikin fim, mutanen gari kuwa ba sa ƙirguwa," in ji shi. "Dole ka koyi rowa."

Sai ya juya fitilar ya nuna min wani ɗan jan maɓalli a bayanta, wanda aka yi don gwaji. In ka taɓa shi fitila za ta yi walƙiya, amma fim yana nan a kwance bai motsa ba. Ya kashe min ido, muka yi dariya.

Har yau kunnena bai manta ƙararrakin kyamarar nan ba. In ka ja ɗan hannunta da babban yatsa sai ta ce ƙarrr, in ka danna ta ce ƙwas, fitilar kuma ta kama wani siririn kuka kamar na sauro har ta cika. Mutane kuwa shiri suke yi na gaske. Mata su kwana da lalle, su rambaɗa kwalli, a ciro zanen da ke ƙasan adaka yana ƙamshin turaren wuta. Maza su kai babbar riga wajen mabuga, a aro agogo, a naɗe hannun riga don agogon ya fito. Wani ya rungumi rediyo, wani ya dafa babur ɗin da ko tayar da shi bai iya ba. Kuma babu mai murmushi, duk wanda kyamara ta kalla sai ya ɗaure fuska kamar an kai shi gaban alƙali. Fim ɗaya yakan kai ni daga ƙaramar salla zuwa babba, sannan na naɗe shi na ba direban da ke zuwa Kano ya kai wajen masu wanki. Daga nan sai jira. Duk wanda ya gamu da ni a hanya, bayan ya tambayi gida da iyali da gajiya da ruwan sama, sai ya rage murya ya ce ko an samu labarin hoto. Ranar da ambulan ya iso zaure ba ya ɗaukar mutane. Wani ya fito ido a rufe, wani na yanke masa hula, wata ta fito tana tsawata wa akuya, amma kowa haka zai karɓi nasa da hannu biyu ya kai gida a sa a bayan gilashin madubi.

Wahalar ita ce kowa yana so, kuma a wajenmu ba a cewa babba a'a. Dattijo ya tsayar da kai a bakin masallaci ya gyara rawani ya ce yaro ɗauke ni, ina za ka sa fuskarka ka ce masa fim ɗinka saura huɗu? Nan ɗan jan maɓallin ya yi min rana. Sai na ja mutum inuwa, na gyara masa tsayuwa, na durƙusa da gwiwa ɗaya, na ce kada ya motsa, na saki walƙiya. Ya tafi yana sa min albarka. Ni a raina hoton kara nake kiran wannan. In an kwana biyu ya tambaya, sai na kwantar da kai na ce wallahi fim ɗin ya ƙone. Kowa ya san fim yana ƙonewa, don haka maimakon faɗa jaje ake yi min, har da Allah ya mayar da alheri.

Gwaggo a Gammo take aure, kuma a hannunta na yi shekarun ƙuruciyata. Sunan mahaifinta aka sa min, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, Babana take ce min ko da za ta zane ni. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tun daga bakin gari kake jin lugudensu a turmi, in ka shiga gidan ƙamshin tunkuza ya tare ka, ita kuma tana tsugune gaban kasko tana murza ƙuli tana ba da umarni ga duk wanda ya gifta. Mace ce mai son kwalliya, ko rijiya za ta sai ta duba madubi. Ranar da na fara zuwa mata da kyamara ta bar kasko a wuta ta shiga wanka, ta fito da wani koren zane da sarƙar murjani, ta zauna a kan kujera ta ɗora hannuwa a gwiwa. Na ɗauke ta da gaske ranar. Sai dai zumuɗi ya sa na buɗe bayan kyamarar a tsakar gida ina nuna wa mutane inda hoton yake shiga, fim ɗin ya ƙone ƙurmus. Wannan ita ce kaɗai ƙonewar gaskiya a tsakanina da ita.

Zuwa na biyu saura hoto uku a ciki, ga shi za a yi wa hedimasta bikin sallama, sai na yi mata na kara. Zuwa na uku na manta dalilin. Abin da nake gaya wa kaina kullum shi ne Gwaggo ai ta gida ce, ba inda za ta, ko yaushe na sa sabon fim zan ɗauke ta. Baƙi nake jin kunya, su nake ɓata wa fim, ita kuwa da ta goya ni sai walƙiya. Akwai sallar da ta yi ta lallashin mijinta, dattijo mai gudun taro, har ya yarda ya sa farar rigarsa ya zauna kusa da ita, na ba su walƙiya biyu na ci tuwona na hau babur. Duk sanda na dawo da labarin ƙonewa ba ta taɓa ɓata rai ba, sai ta ce, "Ayya Babana, ka yi asara saboda ni," ta ƙara min ƙuli a leda.

Wata maƙwabciyarta ce ta fara faɗa da wasa, wai Gwaggo ce take ƙona fim, tun da kowa yana fitowa ban da ita. Aka yi dariya, ita ma ta yi. Amma wasa in ya daɗe a bakin mata yakan zama magana, sai ga shi in za a yi hoton taro a biki ko suna an ce, "Gwaggo, ɗan matsa gefe, kada ki ƙona mana." Ta matsa tana dariya. Tun tana matsawa in an ce, har ta koma matsawa da kanta. Za ta ci kwalliyarta tsaf, ta zo ta gyara wa wannan ɗankwali, ta goge wa waccan maiƙo a goshi, in an jeru ta dawo bayana ta tsaya tana riƙe min jaka. Lokacin da masu rajista suka zo da na'urar ɗaukar hoto ƙin zuwa ta yi, ta ce ba za ta lalata wa gwamnati kaya a kama ta ba. Sau ɗaya raina ya dame ni na sa sabon fim na je takanas don ita, ta rufe fuska da mayafi ta ce na adana abina ga waɗanda yake karɓa. Ina jin kunyar faɗa, amma sauƙi na ji a ranar, na mayar da kyamara cikin jaka ban ƙara tayar da zancen ba.

A hankali fim ya soma wuyar samu. Direba ya dawo min da shi sau biyu, ya ce masu wankin sun ce injin ya tsaya, sun koma wani sabon aiki. Da na yi ritaya babbar 'yata ta kawo min tsarabar wata 'yar kyamara mai ruwan azurfa, wadda ba ta kai tafin hannu ba, ta ce wannan ba ta cin fim, memori ne a ciki, na yi ta ɗauka har na gaji. Na sha dariya a hannun iyalina. Na kan manna idona a bayanta ina neman ramin leƙe, babban yatsana yana ta lalube yana neman hannun da zai ja. Ba ƙarrr, ba kukan sauro, sai wani ɗan kuka kamar na ɗan tsako. Rowar ma ba ta sake ni ba, na fi wata uku ina yi wa kowa hoto ɗai-ɗai ina rufe ta da sauri. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne mutane. Da ka danna sai kawuna su rufe ka, kowa yana cewa mu gani, daga mu gani sai goge wannan, bakina ya karkace, sake. Mutanen da a da suke karɓar hoton da aka yanke musu hula suna godiya, su ne yanzu suke sa ni ɗauka biyar saboda inuwar hanci. Hoton kara kuwa ya mutu murus, babu yadda za ka yi wa mutum walƙiya alhali yana tsaye zai duba. Gaskiya na ji daɗinta, don a lokacin ne na fara ɗaukar abin da raina yake so ba wanda ya tsayar da ni ba: masu yankan dawa a hanyar Dugabau, shanu a bakin ruwa, hadari in ya haɗo daga gabas.

Ban kai wa Gwaggo ita ba sai ranar wani suna. Matar jikanta ce ta haihu, mace, aka mayar da sunan Gwaggo. A lokacin ta tsufa sosai, mijinta ya rasu, ta bar suyar ƙuli, tafiya sai da sanda, amma kwalli bai bar idonta ba. Da yamma mata suka cika gidan, na shiga a matsayina na ɗan gida na ɗauki mai jego, na ɗauki dangin uwa da na uba. Sai mai jegon ta miƙo jaririya ta ce a ɗauke ta da takwararta, don in ta girma ta ga wadda ta ci sunanta. Gwaggo ta janye hannu.

"Ni na ƙona wa takwarata hoton suna? A'a, ba da ni ba."

Na ce, "Gwaggo, wannan ba ta da fim. Babu abin da zai ƙone."

"To ai gara mai fim, Babana. Waccan fim ɗin kawai ake asara. Wannan gaba ɗayanta za ta tafi, ga shi 'yarka ce ta saya maka."

Mata suka ce gaskiya ne, a bar Gwaggo da lalurarta. Ta dafa sanda ta shige ɗaki.

Na tsaya da kyamara a hannu. Da na so, da na ɗauke ta tana tafiya na bi ta na nuna mata, a ce sabon inji ya fi ƙarfinta, a yi guɗa a watse, ni kuma na fita da mutuncina. Har na ɗaga hannu. Amma yadda ta janye hannunta daga jaririyar nan ya tsaya min a rai, na ga ashe abin da nake ɗauka wasa ne ita ta daɗe da yarda wani aibi ne a jikinta. Na cire takalmi na yi sallama a ƙofar ɗakinta, na durƙusa a gaban gado kamar yadda nake yi ina yaro in na ɓarar da mai, na faɗa mata komai, tun daga jan maɓallin har bikin hedimasta.

Ta murza carbi, sannan ta tambaye ni.

"Har na ranar da na ari sarƙar maƙwabta?"

"Har shi, Gwaggo."

"Har wanda Malam ya sa farar riga ya zauna kusa da ni?"

Na gyaɗa kai. Babu hoton mijinta ko ɗaya a duniya, kuma ni ne sanadi. Ta juya ta kalli bango, ta sa bakin mayafi ta goge ido. Na ce ta yafe min. Ta ce yafiya tana nan, ba ta gudu ba, amma ba a ɗaki aka ce tana ƙona fim ba.

"A tsakar gida aka faɗa, shekara da shekaru. Can za ka je ka gyara."

Ban taɓa jin nisan tafiya irin ta daga ƙofar ɗakin nan zuwa gindin turmi ba. Ni da na yi shekaru ina tsayawa gaban aji, sai ga ni zan tona wa kaina asiri a gaban matan Gammo. Na yi gyaran murya na ce ina da magana, na ce Gwaggo ba ta taɓa ƙona fim ɗin kowa ba, sau ɗaya tak na taɓa ɗaukarta, shi ma ni na ƙona shi, sauran duk walƙiya kawai nake yi mata. Sai maƙwabciyar nan da ta fara zancen, ita ma ta tsufa, ta dafe ƙirji.

"Malam! To nawa na bikin ƙanwata da ka ce ya ƙone fa?"

Na ce shi ma.

"La'ilaha illallahu! Ni da na yi kwana biyu ina kitso!"

Wata daga bayan rumbu ta ce nata na goyon fari fa, wata ta ce na tsohonta fa da ya yi ta yi min addu'ar Allah ya mayar da alheri. Kafin ka ce me gida ya kaure, masu salati na yi, masu tafa hannu na yi, wata dariya ta kayar da ita a kan tabarma. Aka sa min suna Malam Walƙiya nan take, kuma har yau in na shiga Gammo da shi tsofaffi suke gaishe ni. Maƙwabciyar ta je ƙofar ɗaki ta ce, "Gwaggo, mun ɗauki alhakinki, ki fito." Daga ciki aka ce a kai ruwan wanka.

Ta shanya ni a tsakar gida har inuwa ta kai bakin rijiya, kuma babu wadda ta ba ni kujera. Da ta fito ba sanda a hannunta, mata biyu ne suke riƙe da ita, ta sha wani shuɗin leshi da ban taɓa ganinta da shi ba, ɗauri ya tsaya, ƙamshi ya riga ta isowa. Aka rangaɗa guɗa. Ta nuna tsakiyar tabarma ta ce nan za a sa mata kujera, ta zauna, ta karɓi takwararta ta gyara mata hula. Matan da suka saba ce mata matsa gefe suka yi ta turereniya kowa tana son ta tsaya a jikinta. Ta ɗaure fuska irin ta mutanen da, ta kalle ni.

"Babana, ka danna na gaskiyar."

Na riƙe numfashi na danna. Kawuna suka taso za su rufe ni, ta ce kowa ya tsaya, ita za ta fara gani. Ta miƙa jaririya ga uwarta, ta karɓi kyamarar da hannu biyu, ta kare ta da mayafi saboda haske, ta kawo ta dab da ido, ta nesanta, ta sake kawowa. Na nuna mata da yatsa na ce ga ta nan a tsakiya. Ta ture yatsana ta ce ta gani. Ta daɗe tana kallo, ba ta ce a goge ba, ba ta ce a sake ba.

"Ashe ina fitowa," ta ce a hankali, ba da kowa take ba.

Gilashin ya ɗauke, ta miƙo min na kunna mata, ta karɓe. Ya sake ɗaukewa, na sake kunnawa. Sauran hotunan sunan nan ban ɗauke su ba, don ba ta mayar min da kyamarar ba sai da batir ya mutu a hannunta.